Kuturta: Kafin Mu Sa Gwajin Jini Cikin Sharuɗɗan Aure



A taron ƙungiyarmu na watan jiya, bayan an gama maganar kwata da shara, wani dattijonmu ya miƙe ya kawo shawara. Ya ce tun da yanzu iyaye da yawa kan nemi takardar gwajin sikila da ta ciwon hanta da ta ƙanjamau kafin a ɗaura aure, me zai hana a ƙara da gwajin kuturta? Ya ce ɗansa da ke karatu a Turai ya gaya masa an ƙirƙiro wani gwaji na ɗigon jini daga yatsa, wanda ke nuna mai ɗauke da ƙwayar cutar tun kafin tabo ya fito. Mutane da yawa suka gyaɗa kai. Ni ban ce komai ba a wurin, don ba a katse babba a bainar jama'a, kuma maganar ta fi ƙarfin minti biyu. Shi ya sa na roƙi masu kula da wannan takarda su ba ni fili.

Baba ya yi gaskiya a abu biyu. Na farko, kuturta ba ta ƙare ba. A 1998 Gana ta kai mizanin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa, wato masu cutar sun ragu zuwa ƙasa da mutum 1 cikin 10,000. Jama'a suka ji an ce an kawar da ita, suka ɗauka an gama. Amma har yau duk shekara ana samun sababbin masu cutar a ƙasar nan, ɗaruruwa kaɗan, kuma asibitin Ankaful da ke kusa da Cape Coast bai rufe ƙofarsa ba. A duniya baki ɗaya ana samun kusan mutum 200,000 a shekara, mafi yawansu a Indiya da Barazil da Indunusiya. Na biyu, gwajin da ɗan Baba ya faɗa yana nan, masana suna aiki a kansa.

Duk da haka ina roƙon kada mu amince da wannan shawara. Na yi shekaru ina aikin nas kafin in yi ritaya, na duba fatar mutane da yawa, kuma ina tsoron wannan takarda za ta kashe auren lafiyayyu, ta kuma ba marasa lafiya kwanciyar hankalin ƙarya. Dalilina ba zai fito ba sai mun fahimci abin da ke faruwa tsakanin ƙwayar cutar da garkuwar jikin ɗan Adam.

Ƙwaya ɗaya ce, jiki ne ya bambanta

Wani likita ɗan ƙasar Nowe mai suna Hansen shi ya fara ganin ƙwayar kuturta a madubin ƙara girma, a garin Bergen, a 1873. Dangin ƙwayar tarin fuka ce, sai dai ta fi ta nawa. Ƙwayoyin da ke kawo gudawa kan ninka kansu cikin ƙasa da awa guda, ita kuwa sai ta yi kwana 12 zuwa 14 kafin ɗaya ta zama biyu. Saboda haka mutum kan yi kimanin shekara 5 da ita kafin a ga komai, wani ma har shekara 20. Tana son wuraren jiki masu ɗan sanyi: fata, kunne, hanci, da jijiyoyin ji da motsi waɗanda ke kusa da fata. Tana fita ne ta hanci da bakin wanda bai fara shan magani ba, kuma sai an daɗe ana zama tare, watanni ko shekaru, kafin ta kama wani. Gaisawa da hannu ba ta kawo ta, haka cin tuwo a kwano ɗaya, haka zama kusa a masallaci ko a mota.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne, kusan mutum 95 cikin 100, ko ƙwayar ta shiga jikinsu, garkuwarsu kan gama da ita ba tare da sun sani ba. Cikin 'yan kaɗan da suka rage, yadda cutar za ta bayyana ya danganta da irin martanin da jikin ya mayar.

Garkuwar jiki tana da manyan hanyoyi biyu na faɗa. Akwai fararen ƙwayoyin jini da ke zuwa da kansu su kewaye baƙo su haɗiye shi, kamar 'yan sintirin unguwa da suka ritsa ɓarawo. Akwai kuma wasu sinadarai da jini ke ƙerawa, ana ce musu antibodi, masu yawo su manne wa baƙo su sa masa alama. Ƙwayar kuturta tana shigewa ne can cikin ƙwayoyin halittar jiki ta ɓuya, inda antibodi ba sa kai wa. 'Yan sintirin ne kaɗai ke iya cim mata.

To, wani mutum 'yan sintirinsa suna da zafi. Da ƙwayar ta shigo sai su killace ta a wuri ɗaya ko biyu. Irin wannan mutum zai ga tabo ɗaya ko 'yan kaɗan, mai haske fiye da fatarsa ko mai ɗan ja kamar tagulla, da gefe a fili, busasshe, ba ya gumi, gashin wurin ya zube, kuma in an taɓa ba ya ji. Ko an kankari fatar an duba a madubi, da wuya a ga ƙwaya. Ba ya cika yaɗa cutar. Amma faɗan da ake yi a wurin kan haɗa da jijiyar da ke kusa, ta kumbura ta lalace da wuri. An kama ɓarawo, amma an farfasa kayan ɗaki.

Wani kuma 'yan sintirinsa ba sa ko motsi a kan wannan ƙwaya, alhali suna faɗa da sauran cututtuka lafiya lau. Jininsa sai ya yi ta ƙera antibodi masu yawa waɗanda ba sa hana ta komai. Ƙwayar ta yi ta hayayyafa ta bazu ko'ina. Tabonsa suna da yawa, hagu da dama, masu sheƙi, ba su da gefe a fili, kuma da farko yakan ji taɓi a kansu. A hankali fatar kunne ta yi kauri, gira ta fara zubewa, hanci ya riƙa toshewa ko yana haɓo, ƙulle-ƙulle su fito a fuska. Wannan shi ne mai yaɗa cutar in bai sha magani ba, kuma shi ne ake daɗewa ba a gane ba.

A 1966 wasu likitoci biyu na Ingila, Ridley da Jopling, suka jera nau'o'in cutar zuwa matakai biyar. Waɗannan biyu da na bayyana su ne a bakin iyaka, sauran uku suna tsakiya, kuma a tsakiyar ne mafi yawan marasa lafiya suke. Garkuwar 'yan tsakiya ba ta tsayawa wuri ɗaya, takan yi sama takan yi ƙasa. Domin sauƙin aiki a ƙananan asibitoci, Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da su gida biyu: mai tabo 1 zuwa 5 da ba a ga ƙwaya a fatarsa ba, shi ne mai ƙarancin ƙwaya, mai tabo fiye da 5, ko wanda jijiyarsa ta taɓu, ko aka ga ƙwaya a fatarsa, shi ne mai yawan ƙwaya.

Abin da jini ke faɗa da abin da ba ya faɗa

Tun da garkuwa ce ke yanke hukunci, masana sun daɗe suna neman sawunta, wato wasu alamomi a jini ko a fata da za su nuna inda mutum ya tsaya. Mafi tsufa shi ne gwajin Mitsuda, wani likitan Japan, tun 1919: a yi wa mutum allurar matacciyar ƙwaya a fata, a jira sati uku zuwa huɗu. In wurin ya yi ƙullutu, 'yan sintirinsa a farke suke. Wannan gwaji yana nuna ƙarfin martani ne kawai. Lafiyayyu da yawa sukan yi ƙullutun, mai cuta mafi tsanani kuwa ba ya yi.

A 1991 masu bincike a Amurka suka duba saƙonnin da fararen ƙwayoyin jini ke aika wa juna a cikin tabon marasa lafiya. A tabon masu ƙarancin ƙwaya suka tarar da saƙon kai hari ya yi yawa, musamman wani sinadari da ake kira intafiron gama. A tabon masu yawan ƙwaya kuwa, saƙonnin da suka yi rinjaye na sassautawa ne da na ƙera antibodi, irin su intalukin 4 da intalukin 10. Wannan ya tabbatar da abin da likitoci suka daɗe suna zato.

Gwajin da ɗan Baba ya ji labari ya samo asali ne daga wani abu mai maiƙo da ke jikin ɓawon ƙwayar kuturta, wanda aka gano a Amurka a 1981 aka sa masa suna PGL-I. Jikin da ya haɗu da ƙwayar kan ƙera antibodi a kansa, kuma ana iya ganin su da ɗan tsinken gwaji irin na maleriya. Masana a jami'ar Leiden ta ƙasar Holan sun ci gaba, suna haɗa wannan da wasu alamomin garkuwa a tsinke ɗaya, suna gwadawa a ƙasashe irin su Bangaladash da Barazil da Habasha. Aiki ne mai kyau, Allah ya ba su nasara.

Yanzu mu ɗauki wannan tsinke mu kai shi wurin ɗaurin aure mu ga abin da zai faru.

Ga saurayi mai tabo ɗaya a baya, irin na masu ƙarancin ƙwaya. Kun tuna jikinsa da 'yan sintiri yake faɗa, ba ya ƙera antibodi da yawa. Mafi yawan irinsa gwajin zai ce ba su da komai. Zai karɓi takarda mai hatimi ya sa a aljihu, jijiyar hannunsa tana ci gaba da lalacewa.

Ga kuma budurwa lafiyayya, wadda tana ƙarama ta zauna ɗaki ɗaya da kakarta mai cutar. Ƙwayar ta shiga jikinta, jikin ya gama da ita, amma sawun ya rage a jini. Gwajin zai iya cewa tana da alama. Mun san zango. Kafin la'asar labari ya kai wurin masu sayar da koko, kafin sati an mayar da kayan aure, ƙannenta ma sun shiga uku.

An tattara binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban a kan mutanen da suka zauna da masu cutar, aka wallafa sakamakon a 2016. An ga cewa wanda aka sami wannan antibodi a jininsa, haɗarinsa na kamuwa ya kai kusan ninki uku na wanda ba a samu ba. Wani zai ce, to ai ga amfaninsa nan. Amma binciken ya kuma nuna cewa fiye da rabin waɗanda suka zo suka kamu daga baya, gwajin bai nuna komai a jininsu ba tun farko. Kuma mafi yawan masu alamar ba sa taɓa yin ciwon. Shi ya sa a ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2018, ba ta amince da wani gwajin jini na gano kuturta ga mutumin da ba shi da alamar ciwo ba.

Gwajin sikila ya bambanta da wannan. Shi yana karanta abin da mutum ya gada ne, wanda ba ya canjawa daga haihuwa har mutuwa, kuma yana faɗa wa ma'aurata abin da zai iya samun 'ya'yansu. Na kuturta yana cewa ne kawai wataƙila jikin nan ya taɓa gamuwa da ƙwayar. Ba a raba zumunci a kan wataƙila.

Maganar gado

Na san abin da iyayenmu za su ce: mu dai mun gani da idonmu tana bin gida. Ba ƙarya suka yi ba. Tana bin gida domin mutanen gida ɗaya suke shaƙar numfashin juna shekara da shekaru, balle a gidajen hayarmu inda mutum shida ke kwana a ɗaki ɗaya taga a rufe. Kuma gaskiya ne bincike ya nuna yanayin garkuwar da mutum ya gada yana da hannu wajen wanda zai kamu da wanda zai tsira. Amma in babu ƙwaya babu cuta, komai asalin mutum. Wanda ya sha magani ya warke ba shi da abin da zai ba matarsa ko ɗansa. Haka zancen cin kifi da madara, da naman akuya, da rantsuwar ƙarya, da sammu: babu ɗayansu da ke sa ƙwaya a hancin mutum. Na yi jinyar mahaddata da masu tsoron Allah da wannan cuta. Jarrabawa ce kamar hawan jini.

Maganinta yana nan, kuma kyauta ne a duk duniya tun 1995. Ƙwayoyi iri uku ne: rifamfisin, dafson da kulofazimin. Mai ƙarancin ƙwaya wata 6, mai yawan ƙwaya wata 12. Da ya fara sha, cikin ɗan lokaci kaɗan ya daina yaɗa cutar, ba sai an ware masa kwano ko ɗaki ba. Rifamfisin kan sa fitsari ya yi ja na ɗan lokaci, kulofazimin kan sa fata ta ƙara duhu har sai bayan an gama, duk ba abin tsoro ba ne. Dafson kan rage wa wasu jini, wasu kuma ba ya karɓarsu. Wanda ya ga zazzaɓi da ƙuraje ko idonsa ya yi rawaya, ya tsayar da shi ya koma asibiti a ranar.

Inda ake rasa yatsu

Ban manta da wata yarinya mai koyon ɗinki ba, 'yar unguwar da na taɓa zama. Ta ga wani farin tabo a damtsenta, ta ɗauka ƙyasfi ne. Ta sayi man shafawa a shagon magani, irin mai sa fata haske, tabon ya ɗan ɓace cikin hasken fatar. Da uwarta ta matsa, sai ta je wani ɗakin gwaje-gwaje ta biya kuɗi aka ɗebi jininta aka duba maleriya da taifot da yawan jini, aka ce mata komai lafiya. Babu wanda ya ce ta ɗaga hannun riga. Shekara biyu bayan haka ta zo ta same ni ta ce, "Mma, allura tana zamewa daga hannuna, kuma jiya dutsen guga ya ƙone ni ban ji ba." Na taɓa bayan gwiwar hannunta na ji jijiyar ta yi kauri kamar igiya. Ta sha magani ta warke sarai, yau tana da aure da 'ya'ya, amma ƙaramin yatsanta da na kusa da shi sun lanƙwashe har abada.

Kuturta ba ta cin yatsa da kanta. Jijiya take kashewa. In jijiyar bayan gwiwar hannu ta mutu, yatsu biyu na ƙarshe su lanƙwashe. In ta gefen gwiwar ƙafa ce, ƙafa ta riƙa ja a ƙasa. In ta bayan idon sawu ce, tafin ƙafa ya daina ji. In ta fuska ce, ido ya ƙi rufuwa. Hannun da ba ya jin zafi shi ke ɗaukar tukunya daga wuta, ƙafar da ba ta ji ita ke yini da ƙusa a takalmi. Rauni ya zama gyambo, gyambo ya kai ga ƙashi, yatsa ya gajarce. Duk wannan ana iya tare shi in an zo da wuri.

Akwai wani abu kuma da ya kamata kowane gida mai majiyyaci ya sani, domin a nan ne mutane suka fi guje wa magani. Wani lokaci garkuwar jiki kan tashi farat ɗaya ta far wa ƙwayoyin, rayayyu da matattu. Iri biyu ne. A na farko, wanda ya fi samun 'yan tsakiya, tsofaffin tabo sai su kumbura su yi ja, jijiya ta yi ciwo, hannu ko ƙafa su yi rauni cikin 'yan kwanaki. Yakan zo a watannin farko na shan magani, yakan kuma zo wa mace bayan haihuwa. A na biyu, wanda ke samun masu yawan ƙwaya, ƙulle-ƙulle masu zafi ne ke fitowa a jiki tare da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, wani lokaci har ido ya yi ja. Dukansu suna iya zuwa kafin a fara magani, ko ana cikin sha, ko bayan an gama.

Majiyyaci sai ya ce maganin asibiti ya tayar masa da ciwo, dangi su ce dama mun faɗa, a koma wurin mai sassaƙe. Kuskuren da ke jawo nakasa ke nan. Abin yi shi ne a ci gaba da maganin kuturtar, a koma asibiti cikin gaggawa a ƙara masa da wani mai kwantar da garkuwa, firednisolon, wanda likita zai riƙa ragewa a hankali tsawon watanni. Kada kowa ya saye shi da kansa a shago, domin yana tayar da sukari da hawan jini. Jijiyar da ta yi rauni ƙasa da wata 6 tana da damar farfaɗowa. Wadda aka bari ta shekara, sai dai haƙuri.

A nan ne nake ganin binciken alamomin garkuwa zai fi yi mana amfani. An lura wani sinadari da ake kira IP-10 kan hau a jinin masu irin tashin farko, alamomin kumburi kamar CRP kuma kan hau a masu na biyu. Ranar da aka sami tsinken da zai gaya wa nas cewa jijiyar wannan majiyyaci tana cikin haɗari a wata mai zuwa, ranar an ceci yatsu da yawa. Wurin irin wannan gwaji teburin likita ne, a hannun wanda zai haɗa shi da abin da idonsa ya gani.

Abin da za mu iya yi tun yanzu

Har gobe, likita da abu uku yake gane kuturta, kuma ɗaya ya isa: tabo mai haske ko ja da ba ya jin taɓi, jijiya mai kauri tare da rashin ji ko raunin gaɓa, ko ganin ƙwayar a ɗan abin da aka kankaro daga fata. Biyun farko ba sa buƙatar na'ura, sai ido da hasken rana da ɗan auduga. A gida ma ana iya gwadawa: mutum ya rufe ido, wani ya taɓa lafiyayyar fata da bakin auduga, sannan ya taɓa tsakiyar tabon, shi kuma ya nuna inda ya ji. Sai dai ku tuna masu yawan ƙwaya kan ji taɓi da farko. Don haka duk tabon da ba ya ƙaiƙayi, ya yi watanni bai tafi ba, a kai shi asibiti ko da yana ji. Makero da ƙazuwa suna ƙaiƙayi, na kuturta yawanci shiru yake. Mutuwar ƙafa kuma ba kullum kuturta ba ce, ciwon sukari ma yana kawo ta; likita ne zai bambance. In kun je, ku ce a duba fatar jiki duka, ku nemi jami'in yaƙi da cututtuka na gunduma, shi ke riƙe da maganin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ga shawarata ga ƙungiya a madadin ta Baba. Lahadin ƙarshe ta watan Janairu ita ce ranar kuturta ta duniya. Mu nemi ma'aikatan lafiya na gunduma su zo mu yi ranar duba fata, kowace irin cutar fata, don kada wanda ya shiga layi ya zama abin nuni. Maza su duba maza, mata su duba mata a ɗaki mai labule, magajiyoyinmu su tsaya a kan ɓangaren mata. Makarantun allo da na Islamiyya su kawo yara, domin ganin cutar a jikin yaro yana nufin akwai babba a kusa da ba a gano ba.

In an sami mai cutar a gida, a duba duk waɗanda suke kwana tare da shi, a maimaita duk shekara na wasu shekaru. Wani babban bincike a Bangaladash da aka wallafa a 2008 ya nuna cewa ba makusanta rifamfisin sau ɗaya tak ya rage kamuwa da kashi 57 cikin 100 a shekara biyu na farko, kuma tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yin haka ga manya da yara daga shekara 2, bayan an tabbatar ba su da kuturta ko tarin fuka. Ku tambayi jami'in gunduma a kan wannan. Allurar BCG da ake yi wa jarirai saboda tarin fuka ita ma tana ba da wata kariya daga kuturta, kada a bar jariri ya wuce ta.

Sai kuma bakinmu. Wanda ya yi maleriya ya warke ba ma kiransa mai maleriya har ya mutu, amma wanda ya yi wannan cuta, ko ya shekara talatin da warkewa, sunan yana nan, har a liƙa wa jikokinsa. A Weija da ke Ankara akwai tsofaffi da suka warke tun da daɗewa, ba ƙwaya ko ɗaya a jikinsu, amma ba su da gidan komawa saboda dangi sun juya baya. Tsoron wannan suna ne ke sa budurwa ta rufe tabo da mayafi, magidanci ya rufe da doguwar riga, har jijiya ta mutu. Duk abin da zai ƙara wannan tsoro, cutar yake yi wa aiki. In muka ce sai da takarda za a yi aure, masu tabo za su ƙara ɓuya ne, wasu kuma su sayi takardar.

A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da ƙasar Jodan a matsayin ta farko da ta kawar da kuturta. Da gano masu ciwo da wuri da ba su magani aka kai ga haka, kuma mu ma hanyar da ke gabanmu ke nan.

Baba, na san kishin 'ya'yanmu ne ya sa ka yi magana, kuma da ba ka tayar da ita ba da ba mu tattauna ba. Ina roƙon a taro mai zuwa ka zama kai ne za ka gabatar da shawarar ranar duba fata, ka kuma zama na farko da zai naɗe hannun riga. In mutane suka ga ka yi, babu wanda zai ji kunya. In na yi kuskure a lafazi a yafe mini. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kare zuriyarmu, ya bar zumunci.